Ranar Da Muka Share Gidan Likita

Marka ta zauna mana bana. Kwana huɗu a jere rana ba ta leƙo ba, ruwa yana ta tsiyaya, itacen girki ya jiƙe har hayaƙi ya fi wutar yawa. Ranar Litinin da la'asar ina zaune a bakin ɗaki ina korar sauro da gefen zane, sai na ji mai shela yana zagaya gari. Wai mai gari ya ce ranar Alhamis manyan baƙi za su zo daga birni su duba aikin sabuwar likitarmu. Don haka ranar Laraba kowace mace ta fito da tsintsiya a gyara gidan likita, marasa lafiya kuma a ɗan janye su gefe har baƙi su wuce. Na ajiye ƙwaryar furar da ke hannuna, ban sake waiwayarta ba.

Jikata Ladi, wadda cikinta ya shiga wata takwas, ta dube ni ta ce, "Inna, mi ya hwaru? Ƙuda ne ya hwaɗa ciki?"

Na ce mata ba ƙuda ba ne. Wannan shelar na taɓa jin irinta sak, a shekarar da aka haife ta.

Ni ce Rabi ungozoma. Garinmu yana hayin gulbi, tsakanin Madarunfa da Gabi. Da rani gulbin yashi ne kawai, jaki ma ba ya lura ya ƙetare shi. Da damina kuwa, in ya kawo, sai mu zama mu kaɗai da Allahnmu. A wancan lokacin ni ce mai karɓar haihuwa a gidan likita, ni ce mai shara, ni ce mai dafa ruwa, ni ce kuma mai faɗa idan an yi abin faɗa. Bakina bai taɓa ciwo ba, kowa ya shaida.

Shekarar ta zo mana a karkace tun daga kakar da ta gabace ta. Ruwa ya ɗauke hatsi yana cikin bununi, abin da ya rage fara ta bi ta kai. Kafin bazara ta yi nisa rumbuna sun zama ɗakin kwanan ɓeraye, su ma ɓerayen sun rame. Maza suka bi ta Ɗan Issa suka shiga Najeriya neman abin da za su aiko. Mu mata muka koma daji. Da asuba a tafi tsinkar tafasa da yaɗiya, da hantsi a dawo a dafa, a yayyafa ɗan garin rogo in akwai. Anza kuwa sai an jiƙa ta kwana uku ana zubar da ruwa kafin ɗacinta ya ragu, kuma ko ya ragu yara suna ci suna kuka. Zafin bazarar nan har yau ina jin shi a tafin ƙafata. Da ruwan shuka ya sauka, mazan da suka iya dawowa suka dawo, aka shuka da irin da aka ɓoye wa ciki da ƙyar. Na ga ƙato yana noman farko ya tsaya ya dafa hauya, don tun jiya ruwan ganye ne kawai a cikinsa.

A cikin wannan halin aka aiko mana da likita. Da can Majo Garba kaɗai gare mu, tsohon ma'aikacin jinya mai kirki, gwanin allura, amma duk abin da ya wuce zazzaɓi da gyambo sai ya rubuta 'yar takarda ya ce a tafi Madarunfa. Sabon kuwa cikakken likita ne, Dokta Sale, ɗan Damagaram, dogo siriri. Ranar da ya sauka daga mota na ce wa Majo, wannan ai shi ya kamata a fara yi wa ƙarin ruwa. Muka sa masa suna Sillen Kara. Ya ji, ya yi dariya, ya ce in dai ba za a saka shi a dangar gida ba ya yarda.

Shi ya bayyana mini yadda zamansa yake. Ya gama karatu, yana aikin hidimar ƙasa ne, ba a ɗauke shi aiki ba tukuna. Masu tsara rabon likitoci a birni sun ce a gwada ajiye likita a ƙauye irin namu. Bayan wasu watanni za su aiko a duba abu biyu: ko shi ya iya aiki, ko kuma garin yana da ciwon da ya kai a bar masa likita. In duka biyun sun yi, sai a ba shi lambar ma'aikaci, a bar mana shi. Na riƙe maganar farko da kyau. Ta biyun ce ta shiga ta wannan kunne ta fita ta wancan.

Aiki kam ya iya. Da damina ta kankama, zazzaɓin sauro ya haɗu da yunwa, gidan likita ya cika ya tumbatsa. Ɗaki biyu ne da baranda. Sauran jama'a suna kan tabarmi a ƙarƙashin bedi, itacen da wasu ke kira dogon yaro, uwaye riƙe da yaran da tamowa ta kama, gashi ya yi ja, ƙafa ta kumbura, ido ya faɗa. In ruwa ya sauko sai kowa ya kwaso tabarma a cunkushe a baranda, warin zawo da na jiƙaƙƙen zane ya haɗu, ƙudaje su yi baƙi a kan komai. A rassan bedin nan Dokta yake rataye robar ƙarin ruwa. Yakan durƙusa a laka ya nemo jijiya a kan jaririn da ni ko hannunsa ba na iya ganin jijiya. Da yamma kuma ya hau keke ya bi gida-gida, don mai noma ba ya barin gona ya kawo kansa sai ya faɗi. Akwai babban littafi da aka ce ya riƙa rubuta duk wanda ya duba. Rabin mutanen bai rubuta ba, hannun da zai riƙe biro yana riƙe da wani abu.

Wata rana aka kawo matar wani Ba'anne, wato Bamaguje, daga bakin tabki, ta haihu tun safe mabiyiya ta ƙi faɗowa, jini yana zuba. Na yi duk dabarar da na gada, Majo ya ɗauko takardarsa zai rubuta Madarunfa. Dokta ya wanke hannu har gwiwa, ya sa safa, ya cire ta da hannunsa a hankali. Matar ta tashi. Bayan kwana uku mijin ya zo da jan zakara, a wannan shekarar da kaza ta fi rago daraja. Dokta ya ce in dafa wa yaran ƙarƙashin bedi romo.

'Yata Habsu tana da cikin fari a lokacin. Ita kaɗai ta rage mini cikin biyar. Mijinta yana Najeriya, ta dawo gabana goyon ciki. Dokta ya ja fatar idonta ƙasa ya duba, ya duba tafin hannunta, ya kira ni gefe.

"Inna Rabi, jininta ya yi ƙasa ƙwarai. Irin wannan in ta zubar da kaɗan ma ya isa. Kada ta haihu a ɗaki, kada ta haihu in ba na nan. A gabana za ta haihu, kin ji?"

Na ce na ji. Hankalina ya kwanta, don ga shi nan kullum, tsakanin gidana da gidan likita ko tuwo ba ya hucewa.

Sai takarda ta zo cewa masu dubawa za su zo ranar Alhamis. Ranar Talata Dokta ya ƙetare zuwa Madarunfa ɗauko magani, gulbi ya kawo a bayansa, ya aiko cewa zai dawo tare da baƙin in ruwa ya janye. A ranar mai gari na wancan lokaci ya tara mu a zaure. Kowa yana son likitan nan, kowa yana tsoron a ɗauke shi. Aka ce me za a yi don baƙi su yaba masa? Ni na fi kowa ɗaga murya. Na ce in mutanen birni suka zo suka ga yara kwance cikin laka da zawo, za su ce yaron nan bai iya aiki ba, su kore shi. Na ce mun taɓa karɓar baƙo da ƙazanta a garin nan? Ko surukin da ba ka so ne zai zo, ai ka share tsakar gida. Dattawa suka gyaɗa kai. Majo Garba ya buɗe baki zai yi magana, na ce masa shi da ko gadonsa ba ya gyarawa ya yi mana shiru. Aka yi dariya.

Ranar Laraba muka yi gayya. Ban ga garinmu ya haɗa kai haka ba tun da yunwar ta shigo. Lakwal, makarantar bokon garinmu, tana hutu, sai muka buɗe aji biyu, muka kwashe marasa lafiya muka kai can, wasu a goye, wasu a amalanke, Majo yana bin su da robobin ƙarin ruwa a sama. Muka share, muka wanke baranda da toka, muka ƙone tsummokara. Maza suka bar maimai suka ɗebo farin yashi aka shimfiɗa a ƙarƙashin bedi. Aka shafe bango da farar ƙasa. Mata har waƙa suka yi suna aikin, da cikin da babu komai. Mai gari ya ba da akuyarsa ta ƙarshe. Aka bi gida-gida ana tara hatsi tafi-tafi, wanda aka ɓoye don mai jego da mai jinya, aka daka fura, aka samo nono a rugar Fulani. Da na tsaya da yamma na dubi wurin yana ƙyalli, wallahi daɗi na ji, na ce yau mun fitar da yaron nan kunya.

Alhamis da hantsi motarsu ta iso, laka har tagogi. Mutum uku ne, babbarsu wata mace mai tabarau, ana ce mata Madam. Dokta ya fito daga baya riƙe da kwalin magani. Ya dubi ƙarƙashin bedi, ya dubi baranda, ya dube ni. Ban taɓa ganin fuska ta canza haka ba. Na ɗauka mamakin kyan wurin ne, har na yi masa murmushi.

Ya ce, "Inna Rabi, ina mutanena?"

Mai gari ya riga ni. Ya ce, "Sun samu sauƙi, likita, albarkacinka."

Dokta ya juya ga Madam ya yi mata magana da Faransanci, da sauri, yana nuna rassan bedi. Daga baya Majo ya gaya mini wai Dokta ya ce mata shekaranjiya babu wurin sa ƙafa a nan. Madam ta yi murmushi ta ce duk inda suka je haka likita yake cewa. Ta buɗe babban littafin, ta ga abin da ta gani. Dokta ya so ya kai su cikin gari, amma ga dattawa sun jeru, ga tabarma an shimfiɗa, ga nama yana ƙamshi. Yaro ne, baƙo ne, ba zai ƙaryata mai gari a gaban manyansa ba. Kuma a lokacin bai ma san inda muka kai marasa lafiyar ba.

Suka tambayi dattawa ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya ce lafiya lau, tun da likita ya zo ciwo ya gudu. Sannan Madam ta kira ni. Ba muguwa ba ce, Hausarta ma mai daɗi. Habsu tana tsaye kusa da ni da zanen aro, ta kawo musu fura, ta shafa jan baki don kada a ga leɓenta ya yi fari.

"Inna, ke ce ungozoma? Gaya mini gaskiya, mata suna shan wahala wurin haihuwa a nan?"

Na dubi ƙasa yadda aka koya mini tun ina yarinya. Na ce, "Lahiya lau, Madam. Mun gode Allah."

Ta rubuta. Suka ci, suka sha, suka yaba furar. Da azahar suka tafi don kada gulbi ya rufe su. Motarsu ta bi ta jikin katangar lakwal, mu kuwa mun sa an rufe tagogin.

Da suka ɓace Dokta ya ce a kai shi. Ya shiga ajin ya tarar da su a ƙasa cikin duhu da zafi, robar wani yaro ta ƙare tun safe. Bai yi mini faɗa ba. Da ya yi, da na ji sauƙi, don faɗa na iya. Ya durƙusa ya fara aiki, ya ce a mayar da kowa inda yake.

Bayan mako uku amsa ta zo. Sun ce likita ya yi aiki na yabo, an ɗauke shi, an ba shi lamba. Sun ce garin kuma ciwonsa kaɗan ne, abinci bai yanke ba, majo ɗaya ya ishe shi. Za a kai likita wani gari a arewa inda yara suke mutuwa. Mai gari ya aika a rubuta musu cewa kuskure ne, Dokta ma ya rubuta. Aka ce tsarin bana ya riga ya fita, sai a jira na baɗi.

Ranar da zai tafi na riƙe masa jaka har bakin gulbi. Na ce, "Dokta, don kai munka yi."

Ya ce, "Na sani, Inna. Ni kun taimake ni." Sannan ya ce, "Da kun bar mini su a ƙarƙashin bedin. Su ne takardata." Da zai shiga ruwa ya juyo. "Habsu. Ki ƙetare da ita Madarunfa tun da sauran mako biyu. Kada ki jira naƙuda."

Na yi niyya, Allah ya sani. Amma mai zuwa jinya Madarunfa da abincinsa yake tafiya, mu kuwa ko tafi ɗaya ba mu da shi, na gidanmu yana cikin furar da baƙi suka yaba. Na ce bari hatsi ya ɗan nuna mu sami tumu mu tafi da shi, lissafina ya ba ni sauran wata guda. Marka ta sauka irin ta bana. Ranar wata Lahadi da sassafe naƙuda ta zo, tun lokaci bai yi ba.

A gidan likita ta haihu, kafin hantsi, 'ya mace ƙarama mai ƙarfin kuka. Na yanke cibi, na jira mabiyiya. Ba ta zo ba. Na danna, na ba ta kwalba ta hura, na yi duk abin da na sani. Jini ya fara. Majo ya yi mata allurar da yake da ita, ya sa ƙarin ruwa, ya wanke hannu ya gwada abin da ya ga Dokta ya yi, ya kasa. Ya ɗauko 'yar takardarsa yana hawaye.

Muka sa ta a amalanke. Bijimin da ya ja mu ƙashin haƙarƙarinsa a waje yake, maza huɗu suna tura ƙafafun cikin laka. Ruwa yana sauka a kanmu, na rufe ta da tabarma, jaririyar tana cikin zanena. Muka iso gulbi muka tarar ya cika baki da baki, ja wur, yana tafe da itatuwa. Masu ƙetarar da mutane da gora suna zaune a gaɓa. Babbansu ya dubi ruwan, ya dubi Habsu, ya ce, "Inna, ko ni kaɗai ban shiga wanga ruwa yanzu. A jira shi sauka zuwa la'asar."

Muka jira. Ina ganin rufin kwanon Madarunfa a hayi. Habsu ta ce tana jin sanyi, ta ce in nuna mata ɗiyar. Na nuna mata. Ta ce, "Inna, da Dokta na nan ko?" Na ce mata eh, da yana nan. Ana kiran azahar a hayi ta cika. Da la'asar ruwan ya sauka kamar yadda mutumin ya ce, mu kuwa mun riga mun juya.

Bayan kwana goma aka fara cin tumu. Hatsin shekarar ya yi kyau ƙwarai. Ban iya sa shi a baki ba sai da aka yi mini dole saboda Ladi, da nake bi gida-gida ana shayar mini da ita. Babu wanda ya taɓa ce mini ke kika jawo, don kowa ya riƙe tsintsiya ranar. Amma ni na san wadda ta fi ɗaga murya a zaure, na kuma san wadda aka tambaya ta ce lafiya lau. Likita bai sake zama a garinmu ba sai bara.

Yanzu abubuwa sun canza. Akwai wayar salula a kowane gida, akwai babura, gidan likita yana da ɗaki biyar da wutar rana a kan rufi. Ba a cin anza bana. Likitar ma mace ce, Dokta Mariyama, 'yar gajeruwa mai saurin tafiya, ita ma a kan gwaji take. Gulbin dai yana nan yadda yake. Kuma makon jiya ta ja fatar idon Ladi ƙasa, ta ce mini a gabanta za ta haihu.

Ranar Talata na ɗauki sandata na tafi wurin mai gari, ɗan wancan ne, ni na karɓi haihuwarsa. Na gaya masa duk abin da na gaya muku. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, na ji. Amma baƙi su ishe mu cikin wanga hali, ai da kunya."

Na ce, "Ni na sha kunyar nan na ƙoshi, ɗana. A share ƙasa in ana so. Amma wanda duk ya taɓa tabarmar marar lahiya, da sandar ga za ya gamu."

Ranar Laraba na kai kujerata ƙarƙashin bedi na zauna tun safe. Aka share, aka wanke, ban hana ba. Wasu 'yan mata suka zo za su ɗaga wata mai yaro, na buga sanda a ƙasa, suka ajiye. Suna ta gunaguni wai tsohuwa ta fara ruɗewa. Na ce su bar ni da ruɗewata.

Alhamis ruwa ya ɗan tsagaita, motar ta iso da laka har tagogi. Baranda cike, ƙarƙashin bedi cike, yara suna kuka, Dokta Mariyama ko fitowa tarye ba ta samu yi ba. Mai gari yana tsaye gefe yana ta gyara hula. Babban baƙin, wani saurayi da bai fi sa'ar Ladi da yawa ba, ya ratso tsakanin tabarmi ya zo gabana ya rusuna.

"Ina kwana, Inna? An tashi lahiya?"

Amsar ta zo bakina da kanta, shekara saba'in tana zaune a wurin. Na haɗiye ta. Na kamo hannun Ladi na jawo ta gabansa.

Na ce, "Ba lahiya ba, ɗana. Zamna in gaya maka."